Tsakanin mai sanda da mai lilo, wa ke bin wani?

Injiniya Bashir: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun jiya nake son in tanka a kan bidiyon da Maman Sadiq ta ɗora, aiki ne ya riƙe ni. Na ga kowa sai tura alamar tafi yake yi, ni kuwa abin bai kwanta mini ba, gara in faɗa. Makaɗa wajen 70 a zaune, masu goge, masu sarewa, masu ƙaho, kowannensu tun yana yaro yake fama da abin hannunsa, an jera su a baya an rage musu fitila, sannan an kawo wata tana lilo da ƙyalle a saman kawunansu. Ku faɗa mini tsakani da Allah, wa ya ji kiɗan? Kowa idonsa na sama yana jira ya ga ko za ta faɗo. An mayar da okestira guda, wato babbar ƙungiyar makaɗan nan, rediyon mota, tana yi ana wata sabgar.

Maman Sadiq: Wa alaikumus salam Injiniya. Wayata ce ta cuce ka, ni da ke cikin zauren har a ƙirjina nake jin gangunan. Sunan ƙungiyar Cirque de la Symphonie, a nan Amurka suke tun 2005. Ba su da tanti irin na sauran 'yan sakas, wato masu wasan lilo da alkafura da jefa ƙwallaye, ba su da makaɗan kansu. Gari-gari suke bi, inda suka sauka sai su hau dandamali da okestirar garin. Filin da ake bar musu a gaban makaɗan ɗan siriri ne, mai jefa ƙwallaye idan ya ja baya da yawa sai ya taka ƙafar mai goge.

Zainabun Fagge: Anti ni dai abin da nake son sani, mai gogen nan na layin gaba da yarinyar ta wuce ta saman kansa, ya ci gaba da kiɗa ko ya yi salati?

Maman Sadiq: Wallahi Zainabu na lura da shi. Dattijo ne mai furfura. Idonsa na kan takardar kiɗa, hannunsa bai tsaya ba, amma duk sanda ta sako kanta daga sama sai ya ɗan karkata kafaɗa ya kare gogen da jikinsa. Kansa bai dame shi ba, gogen yake ji.

Hajiya Yalwa: To ai da gaskiyarsa. An ce wasu gogunan sun fi gida tsada.

Kawu Sule Badujala: Salamu alaikum. Injiniya ɗana, na karanta maganarka, kuma ni da na ƙare aikina ina busa ƙaho a badujalar 'yan sanda na san zafin da kake ji. Babu makaɗin da ke son a ba shi baya. Amma kada ka ɗauka yau aka fara. Tun da aka ƙirƙiri wasan sakas da kiɗa yake tafe. Kiɗan nan da yara ke ji a katun su ce na masu barkwanci ne, mai gangarowa da sauri, kiɗan fareti ne na soja. Wani shugaban badujalar soja ɗan ƙasar Cek, Julius Fučík, shi ya tsara shi a 1897, 'yan sakas na Amurka suka ɗauka suka ƙara masa gudu. Mu kanmu da muke busawa a fareti, mutane sojan da ke maci suke kallo, ba mu ba. Amma bari mu yi shiru minti ɗaya ka ga yadda ƙafafu za su rikice.

Injiniya Bashir: Kawu ranka ya daɗe, ban ƙi ta taka ba. Sai dai kiɗan fareti don tafiya aka yi shi, ya san aikinsa. Abin da aka kaɗa a bidiyon nan an rubuta shi ne don a zauna a saurara. Akwai wurin da sarewa ɗaya ke magana a hankali, gogunan suna amsa mata ƙasa-ƙasa, daidai nan jama'a suka kece da tafi da shewa saboda yarinyar ta juya sau uku. Wanda ya rubuta wurin nan ya yi asarar tawadarsa.

Maman Sadiq: Ni ma ina cikin masu shewar, kada in ɓoye maka.

Malam Isiyaku Zariya: Injiniya, wannan shirun da kake karewa bai kai tsufan kiɗan ba. A 1778 Mozart, shahararren mai tsara kiɗa, ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa daga Faris yana murna cewa jama'a sun yi tafi ana tsakiyar kaɗa sabon aikinsa, har ya ce da gangan ya saka wurin don ya san zai burge su. Daga baya ne aka mayar da zauren kiɗa wurin da ko tari ka yi sai an harare ka. Amma ni wata tambaya ce ta fi damuna, kuma ina ganin ita ce gindin maganar. A daren nan, wa ke bin wani? Mai sandar da ke jagorantar makaɗa ne ke bin yarinyar, ko ita ke bin sa?

Zainabun Fagge: Malam ai an gama wannan tun zamanin kaka. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Kawu Sule Badujala: A'a 'yata, a gidan sakas karin maganar nan a juye take. Rawa ce ke canzawa, kiɗa ya bi ta. Kin ga dokin da ake cewa yana rawa da kiɗa? Doki bai san kiɗa ba. Shugaban makaɗa ne ke zuba wa ƙafar dokin ido, ya daidaita bugunsa da takunsa, 'yan kallo su ce kai, dokin nan ya iya rawa. Haka mai ganga, idonsa na kan mai tsalle. Yana ta kaɗa ƙaramar ganga rrrrr har sai mutumin ya saki hannu, yana dira ya buga faifan ƙarfe. Idan mai wasa ya kuskure zai sake gwadawa, makaɗa suna da ɗan guntun da za su yi ta maimaitawa har ya shirya. Wannan shi ne aikin makaɗin sakas na asali.

Malam Isiyaku Zariya: Madalla Kawu, nan nake son mu zo. Wannan dabarar ta maimaita guntu ba ta yiwuwa da okestira. Mutum 70 kowa da takardarsa, an rubuta komai daga farko har ƙarshe, ba za ka ce su yi ta zagaye wuri ɗaya ba sai an shirya hakan tun farko. To a ɗaya ɓangaren kuma akwai abin da ba ya jin umarnin kowa. Ku ba ni dama in ɗan shiga aji.

Lilo, lokacin da yake ɗauka ya je ya dawo ya dogara ne da tsawon igiyarsa. Nauyin wanda ke kai bai shiga lissafin ba. Igiya mai mita 4 tana ɗaukar kusan daƙiƙa 4 ta je ta dawo. Ko mai sanda ya yi sauri ko ya yi sanyi, daƙiƙa 4 ɗin nan ba ta san da shi ba. Haka ƙwallo. Idan ka jefa ta sama mita ɗaya da kwata, daƙiƙa ɗaya za ta yi kafin ta dawo hannunka. Idan kana son ta yi daƙiƙa biyu saboda kiɗa ya yi sanyi, ninka tsayin sau biyu ba zai isa ba, sai ka ninka sau huɗu, wato mita 5. Ka ga mai jefa ƙwallaye yana da ɗan wurin motsi kaɗan, mai lilo kuwa kusan ba shi da shi. Saboda haka duk girman mai sanda, idan mutum na sama, dole shi ya saurara.

Ɗan Damagaram: Malam ka tuno mini da lakwal, har na ji gabana ya faɗi. Amma na gane. Kenan shugaban makaɗan ya zama yaron yarinyar.

Maman Sadiq: Abin da na gani ya yi daidai da wannan. A sauran lokuta mai sandar baya yake ba mu, fuskarsa na wajen makaɗa. A daren nan a karkace ya tsaya, rabin fuskarsa na wajensu, ido ɗaya na sama. Akwai inda yarinyar ta naɗe ƙyallen a ƙugunta da cinyarta, zagaye bayan zagaye, ta kai can ƙoli ta tsaya. Shi kuma ya ɗaga sandar ya riƙe, makaɗa suka ja sauti ɗaya suka riƙe shi, na ga kumatun masu ƙaho sun yi ja. Sai da ta sako kanta tana warwarewa, ƙyallen yana fat-fat, ta tsaya cak kanta a ƙasa saura kaɗan ta taɓa dandamali, sannan ya sauke hannu ganguna suka fashe. Da ya riga ta da ƙiftawar ido, da abin ya lalace.

Injiniya Bashir: To kin ga kin ba ni hujja da bakinki. Ya ja sautin fiye da yadda aka rubuta don ya jira ta.

Malam Isiyaku Zariya: Haka yake jiran mawaƙiya a wasan opera, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa, idan ta kama dogon sauti, haka yake kallon ƙafar masu rawar bale, wato rawar dandamali ta Turawa. Kuma yawancin abin da ake kaɗa wa 'yan sakas ɗin nan daga can aka ciro shi, kiɗan rawa ne na su Tchaikovsky da Bizet da Khachaturian. Tun asali an rubuta shi ne jiki na motsi a gabansa.

Injiniya Bashir: Na bale na yarda. Amma a bale kiɗan ne ya haifi rawar, an zauna an ɗinka kowane taku a kan kowane bugu. A nan wasan yarinyar yana nan tun kafin ta san wane kiɗa za a saka mata. Gobe a cire wannan a saka wani mai irin tsawonsa, ba abin da zai ragu.

Ustaz Nura: Assalamu alaikum. Ina bin ku tun ɗazu. Ba zan shiga maganar hukuncin kiɗa ba, malamai sun yi ta, kowa ya san inda ya tsaya. Abu biyu ne nawa. Na farko shigar da matan nan ke yi, bai kamata a riƙa ɗora irin bidiyon nan a zauren da akwai iyaye da yara ba tare da an yi gargaɗi ba. Na biyu, rai amana ne. Mutum ya hau can sama babu raga a ƙasa, babu katifa, don a yi masa tafi. Allah Ya hana mu jefa kanmu cikin halaka.

Hajiya Yalwa: Ustaz ka riga ni. Ni da na buɗe sai da na kife wayar, jikokina na kusa.

Maman Sadiq: Allah Ya ba ku haƙuri Hajiya, Ustaz. Nan gaba zan rubuta a sama kafin in ɗora. Kayan kuwa dalilin matsewarsu shi ne duk abin da ke da lebatu zai iya sarƙewa da ƙyallen, kuma sarƙewa a can sama ita ce haɗarin. Ban ce hakan ya warware maganarku ba, dalilinsu dai na faɗa.

Shugaban Zaure: An ji, an kuma karɓa. Duk mai ɗora bidiyo ya riƙa faɗin abin da ke ciki. A ci gaba, a kiyaye harshe.

Malam Isiyaku Zariya: Maganar Ustaz ta biyu tana da nauyi, kada mu tsallake ta. Ana mutuwa a sana'ar nan. Ƙungiyar sakas ta Cirque du Soleil, wadda ta fi kowace girma da kuɗi da injiniyoyi, ta rasa 'yar wasa a Las Vegas a 2013, ta sake rasa wani a Florida a 2018, duka a gaban 'yan kallo. Tun farko ma masu abin sun san haka. Jules Léotard, Bafaranshen da ya fara tashi daga lilo zuwa lilo a Faris a 1859, a saman wurin ninkaya na mahaifinsa ya koya, don idan ya faɗo ruwa ya tare shi. Abin da zan ce kawai, wanda ya yi shekaru yana atisaye kullum, aka auna igiyarsa, aka duba ƙarfen da ya rataya a kai, ba ɗaya yake da yaron da ya hau babur ya saki hannu a titin Kano ba. Ko ya isa ya fita daga abin da Ustaz ya ambata, wannan na bar wa masu ilmin.

Ustaz Nura: Na gode Malam. Direban tanka ma yana cikin haɗari, amma mai yake kai wa mutane. Wannan me yake kaiwa? Nan ne tambayata take. Zan tsaya a nan.

Ɗan Damagaram: Ustaz da girmamawa, ɗan kokawa me yake kaiwa? Amma duk shekara idan ana kokawar takobi ƙasarmu Nijar gaba ɗaya tsayawa take yi. Ni abin da Kawu ya faɗa ne ya tsaya mini. Makaɗin kokawa ma ɗan wasan yake kallo. Yana ganin nasa ya shigo fili zai juya kiɗa ya kama takensa, mutumin ya fara tsuma. Ba a rubuce yake ba, ido ne da kunne.

Kawu Sule Badujala: Haka ne ɗana. 'Yan tauri ma haka, 'yan dambe ma haka. Sai dai a namu abin ya fi na Turawa zurfi ta wani gefen, don makaɗin ba bin ɗan wasa kaɗai yake yi ba, zuga shi yake. Ɗan tauri yana zaune lafiya lau, a kaɗa masa takensa ya miƙe jiki na ɓari. A nan ba za ka iya cewa ga mai ja ga mai bi ba. Mai sandan okestira ba shi da wannan 'yancin, takarda ta ɗaure shi. Abin da ya rage masa ɗan jinkiri ne da ɗan sauri, da wannan ɗan abin zai yi duk dabararsa. Ni shi nake tausaya wa a bidiyon nan, shi ne kuma ya fi burge ni.

Zainabun Fagge: Kawu ni fa ban yarda a ce mana sai an je Amurka ba. 'Yan koroso ba sa ɗaga juna sama suna juyi ana kiɗa? 'Yan hoto ba sa cilla garma sama su cafe?

Ɗan Damagaram: Kuma ki nemi 'yan Gini ki gani. Circus Baobab, da wata Kalabanté da wani ɗan Konakiri ya kafa a Kanada. Alkafura da hawa kan juna bene-bene, ana kaɗa kora, wato wani kayan kiɗa mai tsirkiya da yawa, da ganguna a gefe, makaɗan a tsaye suna kallon masu tsalle. Ba takarda ba sanda.

Injiniya Bashir: Wannan duk na yarda da shi, kuma shi ya sa nake cewa kowa ya tsaya a gidansa. Kora da alkafurar Gini tare suka tashi. Abin da Maman Sadiq ta kalla auren dole ne, kuma na san wanda ya ɗaura shi: kuɗi. Okestira a Amurka ba gwamnati ke riƙe da ita ba kamar a nan Jamus. Kuɗin tikiti ba ya rufe ko rabin abin da manyansu ke kashewa, sauran daga masu hannu da shuni yake fitowa. Okestirar Philadelphia, da duk sunanta a duniya, sai da ta je kotu ta ce ta karye a 2011. To shi ya sa za ka ga yau an haska fim suna kaɗa masa, gobe an kawo 'yan sakas. Neman cika kujeru ne.

Hajiya Yalwa: To Injiniya neman halak laifi ne? Makaɗan nan ba su da haya da kuɗin makaranta?

Maman Sadiq: Kuma kujerun sun cika, Hajiya. Na taɓa shiga zauren nan a daren kiɗa zalla, an ba mu tikiti a wurin aiki. Kawuna farare tas, ni kaɗai ce mai ɗankwali, ga layuka babu kowa. A daren sakas kuwa har can saman bene yara ne, da 'yan Meziko, da Indiyawa, da baƙaƙen fata. Yaran nan sun ga goge da idonsu, sun ga ƙahon da ya fi su tsawo.

Injiniya Bashir: Sun gani. Sun dawo? Wannan ita ce tambayar. Ga abin da ya fi ci mini rai. Hannun ɗan Adam ba zai riƙe ƙyalle fiye da 'yan mintuna ba, don haka kowane wasa gajere ne. Sai a bi manyan ayyuka a tsinto wurin da ya fi gudu da ƙara, a yanke minti biyar, a jefar da sauran. Aikin da ke ɗaukar minti 40, wanda ke farawa da wata 'yar murya, ya ɓatar da ita, ya dawo da ita a ƙarshe ta zama wani abu daban, ba zai taɓa hawa wannan dandamalin ba. Yaron da ya saba da guntaye, ranar da aka zaunar da shi gaban cikakken abu babu mai lilo, barci zai yi.

Zainabun Fagge: Anti, Sadiq ya ce a saya masa goge bayan kun dawo? Ki kashe bakin Injiniya.

Maman Sadiq: Ina fa. Zanin gadona na tarar ya ɗaure a ƙarfen bene.

Injiniya Bashir: Alhamdu lillahi, shaida daga cikin gida.

Hajiya Yalwa: Subhanallahi. Maman Sadiq ki kwance zanin nan yau, ba gobe ba.

Maman Sadiq: Tuni Hajiya, har da faɗa. Amma Injiniya kada ka yi saurin murna. Akwai wasa ɗaya da ya karya maganarka ta gudu da ƙara. Wasu ƙarti biyu, an shafe jikinsu da ruwan zinariya, ba tsalle ba lilo. Ɗaya ya tsaya, ɗayan ya dafa kansa da hannu ɗaya ya miƙe ƙafafu sama, a hankali, a hankali, har kana ganin jijiyar wuyan na ƙasan tana rawa, gumi na bin fentin. Kiɗan ma mai nauyi ne, a hankali yake hawa. Babu wanda ya yi tafi har suka sauka. A wannan wurin na rantse maka kiɗan na ji, don ba don shi ba, maza biyu ne kawai ke nishi.

Injiniya Bashir: Wannan ne ya kamata ki ɗauko mana.

Maman Sadiq: Wata ma'aikaciyar zauren ta riga ta zo ta ce in mayar da wayar jaka.

Malam Isiyaku Zariya: Tun da Injiniya na ganin manyan mawallafa sun fi ƙarfin sakas, bari in ajiye wannan. A 1942 kamfanin sakas na Ringling a Amurka ya nemi a shirya wa giwayensa rawa. George Balanchine ya tsara rawar, Igor Stravinsky da kansa ya rubuta kiɗan, aka yi a New York da giwaye 50 da 'yan rawa 50. Daga baya ya mayar da shi na okestira, har yau ana kaɗa shi a zaurukan da ake hana tari.

Injiniya Bashir: Shi ma kuɗi ya karɓa, Malam.

Malam Isiyaku Zariya: Mozart ma ba sadaka yake yi ba.

Ɗan Damagaram: Giwayen fa, har yanzu ana wasa da su?

Malam Isiyaku Zariya: Ringling sun sallami giwayensu a 2016 bayan doguwar rigima da masu kare dabbobi, suka rufe gaba ɗaya a 2017, suka dawo a 2023 babu dabba ko ɗaya. Wannan ma yana cikin abin da ya sa sakas ta koma jikin ɗan Adam zalla, kuma jikin ɗan Adam yana shiga zauren kiɗa, giwa ba ta shiga. Zagayayyen filin nan nasu ma don doki aka yi shi. Philip Astley, tsohon sojan doki, shi ya fara a Landan a 1768, kuma faɗin da aka saba da shi, wajen mita 13, na gudun doki ne. Da aka cire doki, ba abin da ya hana su hawa dandamali mai kusurwa huɗu.

Kawu Sule Badujala: Malam ka ambaci Ringling, ka tuno mini da abin da kowane mai busa ƙaho ya kamata ya sani. A al'adar sakas ta Amurka akwai wani kiɗan fareti na John Philip Sousa da ba a kaɗa shi sai an shiga masifa. Ma'aikata na jin sa sun san akwai matsala, su fara fitar da jama'a ba tare da an yi ihu ba. Ranar 6 ga Yuli, 1944, tantin Ringling ya kama wuta a garin Hartford. Shugaban makaɗansu, Merle Evans, yana cikin waɗanda suka fara hango wutar, nan take ya juya makaɗa zuwa wannan kiɗan. Duk da haka mutum sama da 160 suka rasu, da yawansu yara. Abin da ya sa ya hango, aikinsa ne ya riƙa kallo. Makaɗin da kansa ke sunkuye a takarda ba zai gani ba. Shi ya sa da Maman Sadiq ta ce mai sandan ya tsaya a karkace, na ce wannan ya san inda yake.

Hajiya Yalwa: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yara kuma.

Zainabun Fagge: Kawu to me zai hana a gwada a nan? Badujalar 'yan sanda a baya, 'yan koroso a gaba, a samo mai lilo ɗaya.

Kawu Sule Badujala: Badujala da koroso zai yiwu gobe ma, in an samu mai ɗaukar nauyi, sai dai a sha wahalar daidaita bugu, don namu na maci a miƙe yake, nasu yana da karya. Lilon ne ban yarda ba. A wane ƙarfen za a rataya shi?

Malam Isiyaku Zariya: Tambayar kenan. Mutum mai kilo 60 idan ya sako kansa ya tsaya cak, abin da ƙarfen ke ji ya ninka nauyinsa sau da yawa a wannan ƙiftawar. Shi ya sa masu ɗaura irin igiyoyin nan ke neman abin da zai ɗauki ninki goma na nauyin da ake sa ran zai hau kansa. Yawancin ɗakunan taronmu an yi rufinsu ne don ya ɗauki kwano da silin da fanka.

Injiniya Bashir: A nan dai ni da Malam bakinmu ɗaya, kada wanda ya rataya ɗan mutane a rufin ɗakin biki. Maman Sadiq, idan takardar shirin daren tana hannunki, ɗauko mini hoton jerin kiɗan. Ina son in ga waɗanda aka kaɗa cikakku da waɗanda aka yanke, musamman na ƙartin nan biyu.

Maman Sadiq: Tana cikin mota. Akwai guda uku ko huɗu da makaɗan suka yi su kaɗai babu kowa a gabansu, zan yi maka alama a kansu. Sai na taso daga aiki, yau dare nake yi.